Da Son Ranka Ka Zo?

Ban taɓa kiran sunan maigidana ba yana da rai, ba kuwa zan fara yanzu da ƙasa ta rufe shi ba. Malam nake ce masa, Malam za a rubuta. Daminar da ta wuce Allah ya karɓi abinsa. Na fita takaba, 'yan gaisuwa sun watse, amma har yau in an kira la'asar sai in tsinci kaina na cika butarsa na ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa. Sai na ajiye nake tunawa. In zauna nan in yi kukana, ba na ɓoye wa kowa, na wuce shekarun jin kunyar hawaye. Ni ban yi boko ba, allon ma ban wuce abin salla ba. Jikata ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa. Ta ce in ba ta labarin aikinsa. Aikin da yawa, amma wanda ya fi zauna mini a rai shi ne na shekarar da ya dawo daga kwas, zamanin Nasara, da abin da ya shiga tsakaninsa da mahaifina a kan wani tsoho na gidanmu.

Ni mutuniyar Tursa ce, ta ƙasar Rabah. Ni ce ɗiyar fari a wajen Baba, saboda haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka ake yi. In yana son in kawo ruwa sai ya dubi danga ya ce, "A kawo ruwa." In na shigo inuwar da yake zaune, sai ya tuna yana da abin dubawa a gona. Mutum ne mai gonaki, gero da dawa da wake a tudu, albasa a fadama. Ana jin maganarsa a gari, yana kuma da zuciya.

Wanda ya goya ni, ya yi mini wasa, ya cire mini ƙaya a ƙafa, wani ne daban. Kawu muke ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Uwarsa baiwar kakana ce, a gidan aka haife shi. An daɗe da cewa babu sauran bauta, ba kuma wanda ke kiransa bawa, amma a gidan ya zauna, gonar Baba yake nomawa, abin da Baba ya ce shi ke nan. Ya girmi Baba nesa ba kusa ba. Shi ya riƙa saɓa shi a kafaɗa yana yaro in za a ƙetare ruwa.

Kowane rani, in an gama kaka, mai gari kan aiko kowane gida ya ba da namiji guda don aikin hanya. A tafi da su nesa, su haƙa marmara, su ɗauka a kwando bisa kai, su zuba, su daɓe, har ruwa ya kusa sauka. A gidanmu ba a zama shawara. Da manzo ya yi sallama, Kawu zai shiga ɗaki ya naɗe tabarmarsa. Ga ƙannena maza, ga ɗiyan ƙannen Baba, amma ba a taɓa duban ɗayansu ba. Kawu kan dawo a rame, tsakiyar kansa ba gashi inda kwando ke zama, ya ciro mini ɗan ƙullin alewa daga aljihu kamar daga yawon kasuwa ya fito.

Da na isa aure aka kai ni Wurno. Malam ɗan gidan malamai ne, ya yi allo ya yi boko, aka ɗauke shi malamin leburori a ofishin ayyuka, shi ke kiran suna da safe. Mutum mai sanyi, mai dariya ciki-ciki. In kunya ta kama shi sai ya riƙa sosa bayan kunne. Ina da goyon fari aka ce an zaɓe shi ya tafi Zariya kwas, a koya masa dokar ƙwadago da haƙƙin mai aiki. Ban san mi ake nufi ba. Na yi masa guzurin dakuwa da ƙuli-ƙuli, ya shiga mota zuwa Gusau, daga can ya hau jirgin ƙasa. Ya yi watanni. Yaron da ya bari yana rarrafe ya dawo ya iske shi yana tafiya.

Na zaci littattafai zai fara ba ni labari. Sai ya ce mini ranar farko ko littafi ba a buɗe ba. Masu koyar da su biyu ne, wani tsohon Bature mai jin Hausa da wani malamin shari'a. Suka fito da su fili, dukansu ɗiyan manya masu farar riga, aka cika wa kowa kwando da marmara, aka ce ya ɗauka ya kai gindin wata itaciya ya dawo, ya sake, ya sake.

"Wuyana sai da ya yi mako bai juya ba," in ji shi. "Ni da nike kiran sunan mutane kullum, in ce wane ya makara, wane malalaci na, ashe ban san nauyin abin ba."

Ya ce malamin shari'ar ya nuna musu cewa yawancin abin da ke cikin dokar, addini ya riga Nasara faɗa, mu ne muka bari. Wannan ya kwantar masa da rai ƙwarai.

An ce musu kowa ya koma gida ya riƙa bita kafin a tura shi wurin aiki. Shi kuwa yadda ya san karatu shi ne yadda ya yi na allo. In ya dawo sallar la'asar sai ya shimfiɗa buzu a tsakar gida, ya tanƙwashe ƙafa, yana rangaji yana jan dokar da murya kamar mai tilawa. Mai aiki yana da hutu. Ba a dukan mai aiki. In ya ji rauni a bakin aiki, jinyarsa na kan wanda ya sa shi. Ladansa a hannunsa ake sa wa, ba a hannun mai gidansa ba. Ina daka ina ji, har ta shiga kaina ban sani ba. Wata rana ya kakare a tsakiya, na ɗora masa daga bakin turmi. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ashe mu biyu anka tura."

Ba karatun kaɗai ba ne, akwai yadda ake tambayar mutum, kuma wannan ya fi ba shi wuya. An koya musu kada su tambayi lebura a gaban helma, wato shugaban leburori, don tsoro ba zai bar shi ya faɗi gaskiya ba. A janye shi gefe. Kada ka tsaya kansa, ka durƙusa daidai da shi. Ka dubi tafin hannunsa, ka dubi ƙafarsa, ka saurari numfashinsa. Sannan ka yi tambayar da ta fi kowace. Kunya ba ta bar Malam ya gwada wannan da abokansa ba, sai da ni.

"Yau ke ta lebura," ya ce. "Ni na mai dubawa."

"To wa na helma?"

Ya duba nan, ya duba can. "Turmi."

Na ɗora faifai a ka a matsayin kwando. Ya zo da tafiyar manya, ya yi wa turmi sallama, ya nemi izninsa, ya ja ni har bayan rumbu inda turmi ba zai ji ba. Ya durƙusa, ya juya tafin hannuna yana dubawa, fuska a ɗaure.

"Sannu da aiki, bawan Allah. Da son ranka ka zo?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, turmi yat tilasta ni. Tun da anka kawo ni garin ga bai ba ni hutun yini guda ba."

Ya yi dariya har ya zauna daɓas a ƙasa. Tsohuwarsa ta leƙo ta ce mi ya same mu, muka ƙara fashewa da dariya. Ki bar ni in share idona. Ina ganin wurin nan har yanzu, da kajin da ke tsattsagar tsaba kusa da ƙafarsa.

Ana nan, wata la'asar ya kai wani wuri a karatun da ban taɓa ji ba. Ba a ɗaukar tsoho. Ba a ɗaukar mai ciwo. Ba a ɗaukar wanda wani ya turo ba da yardarsa ba. In an same shi a mai da shi gida, a kuma kira wanda ya turo shi gaban wakilin hakimi ya amsa.

Na jingine taɓarya. Na ce, "Kawu."

Ya hau sosa bayan kunne. Ashe ya riga ni tunawa, shi ya sa yake tsallake wurin kullum. Sannan ya gaya mini an ba shi wurin aiki. Shi zai duba leburorin hanyar Goronyo a ranin nan, kuma can za a kai mutanen ƙasar Rabah, har da na Tursa.

Zuwana gida na ƙarshe na ji tarin Kawu tun daga bayan gari. In ya tashi sai ya dafa ƙugu, in ya ɗauki damin gero sai ya tsaya yana haki. Na san a raina in ya sake yin rani guda ƙarƙashin kwando ba zai ga shuka ba.

"In ya zo gabana ba ni iya rufe ido," in ji Malam. "Alkawari na ɗauka. In kuwa na mai da shi, sai an kira Baba."

Na hango Baba durƙushe gaban wakilin hakimi, jama'a na kallo, mijin ɗiyarsa na tsaye yana faɗin laifinsa. Na san halinsa. In aka yi masa haka, ko don ya nuna gidansa nasa ne sai ya ƙara ɗora wa Kawu wani aikin. Hanya guda ce, Baba ya bar Kawu a gida da kansa, tun manzo bai zo ba. Amma wa zai gaya masa?

Malam ya ce shi zai je, ai an koya masa magana. Ya sa babbar riga, ya hau kekensa da sassafe. Ya gaya mini daga baya duk tsawon hanya yana shirya zancen, har da inda zai sassauta murya. Amma suruki suruki ne. Tun daga nesa ya sauka, ya tuɓe takalma, ya je ya durƙusa can gefe a kan ƙasa, ido a ƙasa. Baba kuma ya kau da kai yana amsa gaisuwa yana kallon bishiya. Da yamma sai ga Malam da buhun wake ɗaure a bayan keke.

"Ka hwaɗa mishi?"

"Na gaishe shi."

"Sannan?"

"Yat tambayi mutanen Wurno. Nac ce suna lahiya."

"Sannan?"

"Nas sake gaishe shi."

Ya koma bayan kwanaki, ya dawo da zabi a rataye. Na ce masa, "Malam, in ka ƙara komawa, da akuya za ka zo, kuma Kawu na Goronyo." Ya zauna bakin gado ya riƙe kai. Ya ce a Zariya an koya musu yi wa helma magana, da mai gari, har da Bature in ta kama, amma ba wanda ya koya musu yi wa suruki.

Sai na goya yarona na bi masu zuwa kasuwa har Tursa. Na iske manzon mai gari ya riga ya zo, saura 'yan kwanaki a tashi. Ni kaina ba ni da baki a wajen Baba, da na doso inuwarsa ya miƙe. Na sami Inna a madafa na zayyana mata. Ta ce, "Ni? Tun da niz zo gidan ga ban taɓa sa baki cikin zancen maza ba." Ta gyara wuta, sannan ta ce, "Sai dai uwargijiyarshi."

Goggo take nufi, wata tsohuwa mai yin daddawa a ƙarshen gari. Ita da Baba taubasai ne, ubanta da uwar Baba ciki ɗaya. Ita ɗiyar namiji, shi ɗan mace, saboda haka a wasan taubasai ita ce uwargijiya, shi ne bawanta. Tana iya faɗa masa duk abin da ta ga dama a gaban kowa, ba shi da ikon yin fushi. In ya yi fushi shi za a yi wa dariya.

Na same ta tana tsame kalwa. Na durƙusa na ja mata dokar tun daga farko, da irin muryar Malam, har da rangajin. Ta saki baki tana kallona.

"Ke ɗiyar nan, aljanu anka sa miki a Wurno? Tsaya, tsaya. Kaina ba rumbu ba na. Cikin wanga tarkace duka, wane ya hi kaihi?"

Na yi tunani, na ce mata akwai tambayar da mai dubawa ke yi wa kowa, ko da son ransa ya zo.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To riƙe sauran, ki kai wa mijinki. Shi ma wani malami, a tura shi zance shi dawo da zabi."

Washegari da hantsi Baba na zaune gindin rumbu yana tufka igiya. Can gefe Kawu na naɗa tsummoki yana ɗinka sabon gammo, abin da zai tare kansa da shi daga kwando. Ni da Inna muna bayan danga muna sheƙe gero, muna jin komai. Sai ga Goggo ta faɗo ba sallama.

"Ina bawan nan nawa? Kai! Ba ka ga uwargijiyarka ta shigo ba, kana zaune awa hakimi?"

Baba ya yi dariya. "Tun daga ƙohwa nij ji warin daddawa. Mi anka rasa gidanku yau, gishiri ko hankali?"

"Namiji anka rasa. Manzon mai gari ya ishe ni, wai in ba da mutum guda aikin hanya. Ɗiyana sun tahi cin rani, kai kaɗai gare ni. Tashi ka naɗe tabarma."

"Ni? Da wagga gwiwa? Ko masallaci sai na huta bisa hanya."

"Can za ta warke. An ce marmara magani ta."

"Ki ji tsoron Allah, tsohuwar banza. Kahin mako za a aiko miki da hulata."

"Sai in sai da ita in sai kalwa. Kuma ba shawararka niz zo nema ba. Ana tambayar bawa?"

Matan gida suka fashe da dariya, Baba ma har da buga cinya. Ya ce, "A yi haƙuri, uwargijiya, tsoho na ni. Ba a kai tsoho."

"Tsoho?" in ji Goggo. Ta nuna Kawu da haɓa. "Kai da wancan, wa yag girmi wani?"

Dariya ta ɗauke. Na ji faifan Inna ya tsaya. Kawu bai ɗago ba, ya ci gaba da ɗinkinsa, sai tarin nan ya zo masa, ya juya baya yana yi a hankali don kada ya katse wa manya zance.

"Wa ya aiko ki?" Baba ya ce, muryarsa ta sauya.

"Wa ya isa shi aike ni wurin bawana?" Ta zauna kan turmin da ke kife, ta rage murya. "Zance dai nij ji. An ce bana can Goronyo akwai mai jan kowa gehe shi tambaye shi ko da son ranshi yaz zo. Yaron kirki na, mai kunya. Ya zo nan ya durƙusa har gwiwarshi ta yi kanta, ya kasa buɗe baki, don shina ganin girmanka. In wanga bawan Allah ya je, dole shi tambaye shi. Ni ko ina ganin bai kamata baƙo shi riga ka ba. Kai yad ɗauka bisa kahwaɗa, ba shi ba."

Baba ya ci gaba da tufka, amma igiyar warwarewa take a hannunsa. Goggo ta miƙe ta kaɗe zane, ta ce tunda bawanta ya zama ragon banza sai ya fanshi kansa da albasa. Ta ɗebi son ranta a rumfa ta fita tana mita wai ƙanana ne.

Sannan Baba ya kira Kawu. Ya matsa ya bar masa gefen buzu, abin da ban taɓa gani ba. Kawu bai zauna ba, ya durƙusa inda ya saba, gammon na hannunsa.

"Aikin hanyar nan," in ji Baba. Ya tsaya, ya gyara murya. "Kana son zuwa?"

Kawu ya dube shi a tsorace. "Na yi wani laihi?"

"Ba ka yi ba. Tambaya ta."

"Ai an aiko."

"Na san an aiko. Kai nika tambaya."

Kawu ya juya gammon, ya sake juyawa. Mutum ya yi furfura ba a taɓa yi masa irin wannan tambaya ba, bai san ta inda ake kama ta ba. Da ya yi magana, sai da na matsa jikin danga kafin in ji.

"Kwandon ya hi ƙarhina, tun bara waccan. In na ɗauka sai in ji awa ana hura wuta cikin ƙirjina." Ya dubi gammon. "Amma da nij ji bana Goronyo za a, na yi murna. Yarinyar nan tawa tana can kusa. An ce ta ƙara haihuwa, ban ga ko guda cikin ɗiyanta ba. In ban bi 'yan aiki ba, da wane dalili za ni bar gida?"

Ɗiya guda gare shi, an aurar da ita wani ƙauye a bayan Goronyo tun ina yarinya. Dukanmu mun san da ita. Ba wanda ya taɓa lura bai je ba.

"Dalili?" in ji Baba da ƙarfi. "Mutum na neman dalili shi ga ɗiyarshi?"

Sai Baba ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya sunkuyar da kai. Na ga ya kai hannun riga ga fuska kamar mai share zufa. Can ya miƙa hannu ya karɓi gammon daga hannun Kawu, ya ajiye bayansa. Sannan ya juyo ya dubi danga, daidai inda nake tsaye, ya ce, "A gaya wa mutanen Wurno an ji."

Iyakar maganar da ya taɓa yi mini ke nan da ta fi "a kawo ruwa", kuma ta ishe ni.

Da yamma ya tara samarin gida ya tambaye su wa ke son zuwa. Ƙanena mai bi mini ya ce shi. Ya ji labarin lada a hannun mai aiki ake sa wa yanzu, ga shi yana neman aure, ga kasuwar Goronyo da bai taɓa gani ba. Shi aka ba gammon.

Sauran Malam ya ba ni labari. Ya ce yana tsaye bakin aiki ya hango ayarin mutanen Tursa. Sai ya ga ƙanena a gaba da kwando. Can baya ga Kawu bisa jakin Baba, sanye da tsohuwar rigar Baba mai aiki a wuya, da mangalar gero da albasa na tsaraba. Malam ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya masa. Da ya gama ya je ya kama wa Kawu jaki ya sauka, ya ja shi inuwa, ya durƙusa. Ya san ba aiki ya kawo shi ba, amma ya ce bakinsa ne ya tafi da kansa.

"Kawu, da son ranka ka zo?"

Kawu ya yi murmushi ya dafa kansa. "Ɗana, an riga ka."

Tarin bai bar shi ba, amma ya ƙara shekaru masu dama. Kowane rani yana wajen ɗiyarsa, jikoki na hawan bayansa, in ruwa ya sauka ya dawo Tursa don ya ce ba ya iya barci in bai ji ƙanshin gonar ba. A ɗakinsa ya cika, Baba na zaune kusa da kansa.

Malam da Baba ba su taɓa tayar da zancen ba har suka rabu. Sai dai zuwan Malam gaisuwa na gaba, ya iske an shimfiɗa buzu a wurin nan da yake durƙusawa kan ƙasa. Bai hau ba, ya durƙusa gefensa. Kowane zuwa sai an shimfiɗa, kowane zuwa sai ya durƙusa gefe, har Baba ya bar duniya.

Malam ya yi aikin nan har Nasara suka tafi, ya ci gaba bayansu har ya yi ritaya. Ya ja mutanen da ba su ƙirguwa zuwa inuwa, wasu ya yi musu amfani, wasu abin ya fi ƙarfinsa ya dawo gida bai ci tuwo ba. A ciwonsa na ƙarshe ni ke juya shi, ni ke ba shi kunu a ludayi. Wata safiya na gama goge masa baki zan tashi, sai ya kama hannuna. Ya juya tafin sama yana dubawa, fuska a ɗaure, kamar ranar nan ta bayan rumbu. Muryar ta kusa ƙarewa, sai da na sunkuya.

"Sannu da aiki, baiwar Allah. Da son ranki kika zo?"

Na ce, "Turmi yat tilasta ni."

Ya yi dariya ba sauti, kafaɗunsa na rawa. Bai saki hannun ba, yana jira, don an koya masa a jira amsa ta gaskiya. Na durƙusa daidai da shi na ce, "Da son raina, Malam. Tun farko har yau." Ya lumshe ido ya gyaɗa kai.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Baba da Kawu da Goggo, ya sa su inuwa. Ajiye alƙalamin haka nan, ba na iya ci gaba. In kin fita kika ga buta a bakin ƙofa, ki bar ta inda take.